FASHIN BAƘI: Ɗan fayil ɗin da ke tayar da na'ura bayan an ɗauke wuta a Challawa, da dalilin da ya sa ya kamata a sa masa ido

A ranar Litinin, 21 ga Oktoba, 2024, babban layin wutar lantarki na Ugwuaji zuwa Apir ya katse. Kafin wannan rana an riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, saboda haka mafi yawan jihohin Arewa suka faɗa cikin duhu na fiye da mako guda. A rukunin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai, irin wannan yanayi na nufin komawa kan janareta da sayen man dizal, ko kuma dakatar da aiki baki ɗaya.

Watanni shida kafin nan, a farkon Afrilun 2024, hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa guda, bisa alkawarin samun wuta ta aƙalla awa 20 a rana. Ko da kamfanin KEDCO ya cika wannan alkawari ɗari bisa ɗari, akwai sauran awa huɗu da za a iya ɗauke wuta a cikinsu kowace rana.

Muhawarar da ake yi kan wutar masana'antun Kano ta fi karkata ga farashi da yawan awanni. Akwai wani ɓangare da ba a cika tabo shi ba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin janareta ya karɓa, kowace na'ura mai kwakwalwa wadda ba ta da batirin ko-ta-kwana mutuwa take yi, sannan ta sake tashi daga farko. A cikin daƙiƙun da take tashi, akwai wani ɗan fayil da ke yin aiki sau ɗaya ya ɓace. Masana na kiransa initramfs. Yadda aka haɗa shi da yadda aka matse shi na daga cikin abubuwan da ke yanke hukunci kan ko na'urar za ta tashi, da tsawon lokacin da za ta ɗauka, da kuma ko wani zai iya kutsawa cikinta ta bayan gida.

Me ya haɗa masana'antar Kano da Linux?

A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta abin da ya zama Linux. Linux ita ce ƙwayar babbar manhaja, wato ɓangaren da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da mutum ke taɓawa. Ita ke raba aiki, ita ke kula da ƙwaƙwalwa, ita ke magana da faifan ajiya da allo da hanyar sadarwa. Masana na kiran wannan ƙwaya kanel.

Mutum ba ya bukatar ya taɓa jin sunan Linux kafin ya zama mai amfani da ita. Kowace wayar Android a kanta take tafiya. Haka mafi yawan na'urorin raba intanet na ofis, da akwatunan naɗar hotunan kyamarar tsaro, da yawancin na'urorin POS na zamani, da manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. A cikin masana'anta kuwa, ba kowane inji ne ke amfani da ita ba: wasu akwatunan sarrafa injuna na da tasu manhajar ta musamman, wasu allunan kuma Windows suke ɗauke da ita. Amma da wuya a zagaya masana'antar jima ko ta roba ko ta casar shinkafa ta zamani, daga bakin ƙofa zuwa ofishin akanta, ba a wuce na'urorin da ke tashi da Linux ba.

Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Idan wuta ta dawo, na'ura ba ta san komai ba. Ƙwaƙwalwarta ta aiki, wadda ake kira RAM, fanko ce, domin duk abin da ke cikinta yana gogewa da zarar wuta ta yanke. Abin da ke fara motsi shi ne wata ƙaramar manhaja da aka dasa a jikin allon na'urar tun daga kamfani, BIOS ko UEFI a kwamfuta. Ita ke kiran manhajar tayarwa, wadda a kwamfutocin Linux galibi GRUB ce, a ƙananan na'urori kuma sau da yawa U-Boot. Manhajar tayarwa ta ɗauko kanel ta zuba a RAM, ta miƙa mata ragama.

A nan matsala take. Kanel na bukatar ta buɗe babban faifan ajiya, inda sauran manhajoji suke. To amma faifai iri-iri ne, kuma kowane iri na da ƙaramar manhajar da ke yi wa kanel tafinta da shi, wadda ake kira direba. Idan an ajiye direban faifan a cikin faifan kansa, an zama kamar maigidan da ya kulle ɗaki ya bar makullin a ciki. Lamarin na ƙara rikiɗewa idan an rufe faifan da kalmar sirri, ko an haɗa faifai da yawa suka zama ɗaya, ko kuma faifan na kan wata kwamfuta ce daban sai an bi ta hanyar sadarwa.

Ana iya cusa dukan direbobin duniya a cikin kanel, sai dai za ta kumbura ta yi nauyi. Mafitar da aka samu ita ce a haɗa wa kanel guzuri. Manhajar tayarwa kan ɗauko abu biyu tare: kanel da kuma wannan ƙunshi. Kanel ta kwance ƙunshin a cikin RAM, ta sami wani ɗan ƙaramin gida na wucin gadi mai ɗauke da kayan aikin da take bukata. Ta nemi wani fayil mai suna init a cikinsa ta tayar da shi. Shi kuma ya loda direbobi, ya nemo babban faifai, ya tambayi kalmar sirri idan akwai, ya buɗe shi. Da zarar babban faifai ya buɗu, sai a share gidan wucin gadin, a mayar da wurin da ya ci a RAM, aiki ya koma babban gida. Wannan guzuri shi ne initramfs.

Abin da ke cikin ƙunshin

Kafin initramfs akwai wani tsari da ake kira initrd, wanda ke kwaikwayon cikakken faifai a cikin RAM. Yana da ɓarna, domin girmansa a ƙayyade yake, kuma kanel na bukatar direba kafin ta karanta shi kansa. Sabon tsarin ya zo da jerin Linux 2.6, wanda aka fitar a Disambar 2003. A maimakon faifan kwaikwayo, sai aka koma ɗaure fayiloli a jere cikin wani tsohon salon ƙunshi mai sauƙi da ake kira cpio, wanda kanel ke iya kwancewa da kanta. Har yau a kwamfutoci da dama sunan fayil ɗin na farawa da initrd, alhali abin da ke ciki sabon tsarin ne.

Idan aka kwance ƙunshin, abubuwa kaɗan ake tararwa: fayil ɗin init, da direbobin faifai da na allon rubutu, da kayan buɗe faifan da aka rufe da sirri, da wasu ƙananan manhajojin ba da umarni. A wurare da dama waɗannan ƙananan manhajoji daga BusyBox suke, wata manhaja guda da ke yin aikin kayan aiki masu yawa, wadda Bruce Perens ya fara a tsakiyar shekarun 1990. A kwamfutocin Intel da AMD kuma akan ɗora wani ɗan ƙunshi da ba a matse ba a gaba, mai ɗauke da gyare-gyaren da kamfanin ya fitar wa injin lissafin kwamfutar, domin a shigar da su tun kafin komai ya fara.

Da wuya mutum ya haɗa wannan ƙunshi da hannu a kwamfutar ofis. Kowane dangin Linux na da maƙerinsa: Debian ta daɗe tana amfani da initramfs-tools, Fedora da Red Hat na amfani da dracut, Arch Linux kuma mkinitcpio. Duk lokacin da aka sabunta kanel, maƙerin kan sake haɗa sabon ƙunshi. A ƙananan na'urori kuwa, injiniyan kamfanin da ya ƙera su ne ke zaɓar kayan, wani lokaci ma ya dinke ƙunshin a jikin kanel su zama fayil guda.

Zaɓi na farko: me za a zuba a ciki?

Mai haɗa guzuri na da hanya biyu. Zai iya zuba kusan dukan direbobin da wata kwamfuta za ta iya bukata, ko kuma ya duba kwamfutar da ke gabansa ya zuba nata kaɗai. A tsarin Debian, layi guda ne a fayil ɗin saiti ke raba gardama: idan aka rubuta MODULES=most an zaɓi hanya ta farko, idan aka rubuta MODULES=dep an zaɓi ta biyu. A dracut ana kiran hanya ta biyu hostonly.

Kowace na da riba da asara. Cikakken ƙunshi kan kai megabait gommai, yana cin wuri, yana ɗaukar lokaci kafin a karanto shi a kwance. Amma idan allon kwamfuta ya ƙone, aka cire faifan aka sa a wata kwamfutar daban, akwai kyakkyawan zaton zai tashi. Tsukakken ƙunshi ƙarami ne mai sauri, sai dai ya san gida ɗaya ne kawai. A kai shi wata kwamfutar da ke da wani irin mahaɗin faifai, sai ya tsaya cak.

A ƙasar da wuta ke zaune lafiya kuma kayan gyara ke isowa washegari, wannan zaɓi ba ya tayar da hankali. A Challawa lissafin daban ne. Wutar da ke zuwa da ƙarfi fiye da kima tana ƙona kayan lantarki, kuma kwamfutar da za a samu a kasuwa don maye gurbi ba lallai ta zama irin wadda ta ƙone ba. Ga kwamfutar da ke riƙe da lissafin albashi ko na kayan sito, daƙiƙa biyu ko uku da aka rage wajen tashi ba su kai darajar tabbacin cewa faifan zai tashi a kowace kwamfuta ba. Ga ƙaramar na'urar da ke jikin inji, wadda kayan cikinta ba sa canzawa kuma wurin ajiyarta ƙanƙane ne, tsukewa ce daidai. Hanya mafi aminci ita ce wadda Fedora ta saba bi: a ajiye ƙaramin ƙunshi na yau da kullum, a kuma ajiye cikakke guda a gefe domin ranar ceto.

Zaɓi na biyu: yaya za a matse shi?

Duk wanda ya taɓa ganin dilar kaya a Kantin Kwari ya san amfanin matsewa: kaya mai yawa ya shiga wuri kaɗan. Matse fayil ma haka ne, sai dai dabararsa ta fi kama da ta mai shago da ke rubuta littafin bashi. Idan ya rubuta "buhun shinkafa" a layin farko, a layukan da ke biye ba ya maimaitawa, sai ya sa alamar da ke nufin "kamar na sama". Manhajar matsewa na neman duk inda abu ya maimaitu, ta maye gurbinsa da gajeren nuni zuwa inda ya fara bayyana. Wajen kwancewa a bi nunin a mayar da komai yadda yake, ba tare da ko harafi ɗaya ya ɓace ba. Tushen wannan dabara aikin Abraham Lempel da Jacob Ziv ne na shekarar 1977.

Kanel ta Linux ta san salon matsewa da dama. Mafi daɗewa shi ne gzip, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992, kuma kusan kowace kanel na iya kwance shi. Akwai bzip2 da LZMA da LZO. Akwai xz, wanda ke cikin masu fitar da fayil mafi ƙanƙanta, amma yana ɗaukar lokaci wajen matsewa da kwancewa, yana kuma cin RAM. Akwai LZ4, wanda kanel ta fara karɓa a 2013: fayil ɗinsa ya fi girma, amma yana kwancewa kamar walƙiya. Sai kuma zstd, wanda Yann Collet, mutumin da ya ƙirƙiro LZ4, ya haɓaka a kamfanin Facebook. Tun daga Linux 5.9 ta Oktoban 2020 kanel ke iya kwance ƙunshin tashi da aka matse da shi. Ya tsaya a tsakiya: yana matsewa fiye da gzip, yana kwancewa da sauri fiye da shi.

Lokacin tashi ya kasu kashi biyu, lokacin karanto fayil daga inda aka ajiye shi, da lokacin kwance shi. Idan wurin ajiyar na da nawa, ko ana jawo fayil ɗin ta hanyar sadarwa, ƙaramin fayil ne ke cin riba. Idan wurin ajiyar na da sauri amma injin lissafin na'urar rarrauna ne, salon da ke kwancewa da sauri ne ke cin riba. Wannan lissafi ne ya sa Ubuntu ta koma LZ4 a fitowarta ta Oktoban 2019, Arch Linux kuma ta mayar da zstd zaɓinta na asali a 2021. Babu salon da ya fi kowane a ko'ina. Sai an auna a kan na'urar da za ta yi aikin.

Akwai tarko guda da ke kama masu ƙaramin sani. Dole kanel ta kasance an gina ta da sanin salon da aka matse ƙunshin da shi. Wanda ya ji ana yabon zstd ya je ya canza saiti a kan tsohuwar na'urar da kanel ɗinta ta girmi 2020, ya haɗa guzurin da mai tafiyar ba zai iya kwancewa ba. Ko a cikin salon da kanel ta sani akwai sharuɗɗa: ƙunshin xz na bukatar a yi masa alamar tantancewa ta CRC32, na LZ4 kuma tsohon fasalinsa kanel ke karantawa.

Inda ake yin tuntuɓe

Idan ƙunshin ya lalace, ko babu shi, ko babu direban da ake bukata a cikinsa, ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai kanel ta tsaya ta rubuta a allo cewa ta kasa buɗe babban faifai, yanayin da ake kira kernel panic, ko kuma a jefa mutum cikin baƙin allo mai jiran umarni. A duka biyun, bayanan da ke cikin faifan lafiyarsu ƙalau. Wanda bai sani ba zai iya ɗauka cewa komai ya tafi, ya yarda a goge faifan a sake zuba manhaja, ta haka ya hallaka bayanan da hannunsa.

Dalilai biyu ne suka fi jawo wannan. Na farko shi ne cikar ɗan sashen faifai da ake ajiye kayan tashi, domin tsofaffin kanel da ƙunshinsu na taruwa a ciki idan ba a share su, sai sabon ƙunshi ya rasa wurin zama. Na biyu shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa, bayan an shigar da sabuwar kanel amma kafin a gama haɗa mata guzuri. Maganin duka biyun sananne ne: a zaɓi tsohuwar kanel daga jerin da GRUB ke nunawa, a shiga, a sake haɗa ƙunshin da umarni guda. Rigakafin kuma shi ne kada a sabunta na'ura mai muhimmanci sai tana kan batirin ko-ta-kwana, kuma kada a goge kanel ɗin da ke aiki sai sabuwar ta tashi an gani.

Duniya ta ga tsadar lalacewar matakin tashi a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci sun tsaya. Windows ce ba Linux ba, amma darasin ɗaya ne: na'urar da ta kasa tashi ba ta hawa intanet balle a gyara ta daga nesa. Sai ma'aikaci ya taka ya je gabanta. Ga masana'antar da injiniyan da ya san na'urarta ke Legas ko wata ƙasar waje, wannan na nufin kwanaki na zaman jira.

Ƙofar da ba ta da mai gadi

Ƙunshin tashi na aiki da cikakken iko, kuma yana aiki kafin duk wani matakin tsaro na babbar manhaja ya farka. Ko da an rufe faifai da kalmar sirri, shi ƙunshin galibi a buɗe yake, domin shi ne ke tambayar kalmar sirrin. A kwamfutocin Linux da dama, tsarin Secure Boot na tantance hatimin manhajar tayarwa da na kanel, amma ba ya tantance ƙunshin, saboda a kan kwamfutar ake haɗa shi. Wanda ya sami kwamfutar a hannunsa na ɗan lokaci zai iya musanya ƙunshin da na bogi, wanda zai karɓi kalmar sirri ya adana masa. Domin toshe wannan ɓaraka ne ake ta ƙoƙarin dinke kanel da ƙunshinta su zama fayil guda mai hatimi ɗaya.

A Nuwambar 2016 wasu masu bincike biyu, Hector Marco da Ismael Ripoll, suka bayyana wani kuskure a rubutun da ke tambayar kalmar sirri a Debian da Ubuntu da wasunsu. Wanda ya danne maɓallin Enter na kimanin daƙiƙa 70 sai a jefa shi cikin allon umarni na ƙunshin tashi da cikakken iko. Ba zai iya karanta faifan da aka rufe ba, amma zai iya kwafe shi, ko ya goge shi, ko ya dasa wani abu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar layuka kaɗan ce a cikin rubutu.

Kayan matsewar ma ba su tsira ba. A ranar 29 ga Maris, 2024, injiniyan Microsoft Andres Freund ya sanar cewa ya gano ƙofar sirri da aka dasa a manhajar xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga kwamfuta daga nesa. Bincike ya nuna cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar har ya sami amana, sannan ya dasa tarkon. Ƙofar shiga daga nesa aka nufa, ba ƙunshin tashi ba, kuma an gano ta kafin ta yaɗu a manyan fitowar Linux. Abin lura shi ne an gano ta ne saboda manhajar a buɗe take, kowa na iya bincikenta.

Daga masana'anta zuwa rumfar zaɓe

Wayar Android ma da irin wannan guzuri take tashi. A cikin fayil ɗin tashinta akwai kanel da ɗan ƙunshinta, kuma tun daga Android 7.0 ta 2016 aka tsaurara tantance hatimin kayan tashi a wayoyin da ke bin ƙa'idar Google. Matasan da ke yi wa waya filashin a kasuwar Farm Centre da wannan mataki suke mu'amala a kullum, ko da ba su kira shi da sunansa ba.

Na'urar BVAS da hukumar INEC ta yi amfani da ita a zaɓen 2023 ita ma a kan Android take. A Maris ɗin shekarar, INEC ta ɗage zaɓen gwamnoni daga ranar 11 zuwa 18 ga wata, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta damar sake saita na'urorin da aka yi aiki da su a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Wancan saiti ya shafi bayanan masu zaɓe ne, ba ƙunshin tashi ba, kuma babu wata hujja da ta nuna an taɓa matakin tashin na'urorin. Sai dai abin da ya faru ya nuna cewa aikin da ake ɗauka na injiniyoyi ne kaɗai zai iya motsa ranar zaɓen ƙasa guda. Tambayar da ake yi wa kwamfutar masana'anta ita ce ta dace a yi wa duk na'urar da gwamnati ta saya da kuɗin jama'a: wa ya haɗa manhajar da take tashi da ita, wa ke riƙe da makullin hatimin, wane mai bincike mai zaman kansa ne ya duba?

Abin da mai saye ke da haƙƙin nema

Linux na ƙarƙashin lasisin GPL, fitowa ta biyu. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da ita dole ya ba mai saye asalin rubutun manhajar, ko ya yi masa tayin bayarwa a rubuce, haɗe da canje-canjen da ya yi. BusyBox ma haka, kuma tun daga 2007 an gurfanar da kamfanoni a kotunan Amurka kan ƙin cika wannan sharaɗi. Ma'ana, masana'antar da ta sayo na'ura mai Linux daga waje na da haƙƙin neman rubutun kanel ɗin da na kayan GPL da ke cikin ƙunshin tashinta. Lasisin bai shafi manhajar da kamfanin ya rubuta da kansa ya ɗora a sama ba, amma ya shafi harsashin da komai ke zaune a kai.

Abubuwan da za a iya sawa a yarjejeniyar ciniki ba su da yawa: kwafin cikakken hoton manhajar na'urar a ajiye a Kano, rubutaccen bayanin yadda ake dawo da ita idan ta kasa tashi, tabbacin cewa ɗaukewar wuta ana cikin sabuntawa ba zai kashe ta ba, da horar da aƙalla ma'aikaci guda na cikin gida. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, wadda ke da rassa a Kano, za ta iya tsara irin waɗannan sharuɗɗa sau ɗaya mambobinta su riƙa amfani da su. Ya dace kuma hukumomin gwamnati da ke sayen na'urori su riƙa neman haka daga 'yan kwangila.

Ilimin kansa ba ya bukatar dala. Tsohuwar kwamfuta guda da Linux da aka sauke kyauta sun isa ɗalibin Jami'ar Bayero, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ko na jami'ar Wudil, ya kwance ƙunshin tashi ya ga abin da ke ciki, ya sake matse shi da gzip da xz da zstd, ya auna girma da lokaci, ya lalata shi da gangan ya gyara. Wanda ya yi haka sau goma ya mallaki sana'ar da masana'antun da ke kilomitoci kaɗan daga ajinsa ke bukata. Gyaran layin Shiroro da farashin Band A na hannun Abuja. Samar da masu iya tayar da na'urar da ta ƙi tashi kuwa abu ne da makarantun Kano da masana'antunta za su iya farawa tsakaninsu, ba tare da jiran kowa ba.